Sau biyu na biya kuɗin littafi ɗaya

Tun ina firamare nake karatun hikaya. Na fara da wani tsohon Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ke cikin adakar Baba, daga nan na koma na haya, irin waɗanda ake sarowa a Sabon Gari cikin Kano, na ɗaya, na biyu, na uku, a baza su a kasuwar Wudil ran Juma'a. Mai hayar tuni ya koma sayar da caja da rigar waya, mu kuma muka koma WhatsApp. Na kyauta na saba karantawa. Wannan ne karo na farko da na zare kuɗin ɗinkin hulata na biya marubuciya, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ba zan kama sunanta ko na littafin ba, waɗanda muka zauna guruf ɗaya sun san wadda nake nufi.

Shafi goma na farko da ta saki kyauta su suka kama ni. Na gaji da labarin ɗan mai kuɗi da ke kwana Abuja ya karya kumallo a Dubai. Wannan kuwa labarin wata yarinya ce ta ƙauye irin namu, mijinta ya tafi ci-rani Legas bayan kaka, shekara ta zagayo babu shi babu aike. Baiwar Allahn nan ta san ƙauye. Ta san yadda mace ke auna hatsin rumbu da ido tun kafin damina ta faɗi, ta san maganar da facaloli ke yaɓa wa juna a bakin turmi, ta san kunyar zuwa gidanku neman tsaba alhali kina da aure. Hausarta kuma tsaf, ba ta cusa Turanci a bakin tsohuwar ƙauye. Ban yi wata-wata ba na ba ƙanin maigida naira 500 ya kai wa mai POS, ya ɗauko hoton takardar, na tura, aka saka ni a guruf.

Ba ni kaɗai nake karatun ba. Inna, surukata, ba ta yi boko ba, facalata ma haka. Bayan sallar isha'i sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna in karanta musu a bayyane. Da rana yaro ya kai wayar shagon mai caji, da yamma in je gindin darbejiyar ƙofar gida inda sabis ke kamawa in sauke shafin ranar. Inna har sa baki take yi cikin labarin. In uwar mijin yarinyar ta yi wani abu sai ta tafa hannu ta ce, "Ke 'yar nan, koma baya ki sake karanta min wajen nan, wannan mata ba ta tsoron Allah." Sama da wata biyu muna haka, kuma ban taɓa samun kusanci da Inna kamar a kwanakin nan ba. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan zuba.

Sai shafi na 58. Yarinyar ta kai ƙara, alƙali ya raba auren saboda rashin ci da sha, ta gama idda, an sa ranar aurenta da wani. Daren da za a wayi gari a ɗaura, aka yi sallama a zaure, muryar tsohon mijin ce. A nan shafin ya ƙare. Ranar ko barcin kirki ban yi ba.

Washegari babu shafi. Sai saƙon murya na minti bakwai daga marubuciyar, tana kuka tana Allah ya isa, wai wata daga cikinmu ta fitar mata da littafi, ana ta yawo da shi a wasu guruf-guruf kyauta. Ta ce ta ajiye taifin sai ɓarauniyar ta bayyana kanta. Wallahi na tausaya mata. Na san zafin a ci guminka, ni da nake kwana bakwai a kan hula ɗaya. Amma mu da muka biya fa, me muka yi? Wadda ta sata ba ta rasa komai ba, mu masu gaskiya aka kama da horo. Kwana 19 cur muna jira. Kullum in je gindin darbejiya, in ƙona data wajen sauke saƙonnin ban-haƙuri da na zagi da 'yan guruf ke jefa wa juna, in dawo hannu rabbana. Kullum kuma Inna sai ta tambaya, "'Yar nan, mutumin nan har yanzu yana tsaye a zauren?" Tun ina cewa gobe har na koma sunkuyar da kai. Facalata ta fara cewa ko dai an damfare ni ne. Wannan maganar ta fi kuɗin yi min ciwo.

Da marubuciyar ta huce, sai aka ce an rushe tsohon guruf, za a buɗe sabo, kowa ta sake turo shaidar biya. Ni kuwa wayata ƙarama ce, ta cika, na goge hotuna tun tuni, takardar POS ɗin ma rubutunta ya koɗe. Na yi wa mai kula da guruf ɗin magana cikin ladabi, na ce, "Anti, don Allah ki duba, lambata tana cikin tsohon guruf tun ranar farko, sharhina ma yana nan a ƙasan kowane shafi." Amsarta kalma huɗu ce: babu shaida, babu shiga. Na sake rubutawa, ta buɗe ta karanta ba ta tanka ba. Ita marubuciyar kuwa ko buɗe saƙona ba ta yi ba. Na kwana biyu ina cewa na haƙura da littafin. A na uku na ga Inna ta fito da tabarma ta zauna ita kaɗai, sai na kira ƙanin maigida na sake ba shi wata 500 ɗin.

Gaskiya dai gaskiya ce, shafukan da suka biyo baya sun yi kyau matuƙa. Yadda ta rubuta zaman da aka yi a zauren nan, mutumin ya dawo da ciwo a ƙafa da jakar leda ɗaya, yarinyar tana jin muryarsa ta bayan zana ba ta fito ba, sai da na dakata da karatu saboda muryata ta shaƙe. Inna ta share ido da gefen mayafi. A daren na ce a raina na yafe, kuɗin ya halatta, ko sau uku ne.

Amma da aka doshi ƙarshe sai raina ya sake ɓaci. Tun dawowarta rabin kowane shafi tallan kayan mata ne da atamfofi, sai na yi ta ja kafin in iso labarin, ga shi a gaban suruka nake karatu, dole in riƙa tsallakewa da sauri. Sannan ta ɓata shafi shida wajen lissafa akwatunan lefen wata ƙawa da ba ta da wani tasiri, ta zo ta dunƙule makomar yarinyar da muka bi wata uku a shafi ɗaya da rabi. Ɗan da aka haifa a farkon labari ma an manta da shi gaba ɗaya, Inna ce ta lura, ta ce, "To ina yaron?" Ba ni da amsa. Ruwan Bagajan nan da ya fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ɗan siriri ne, a zama biyu ake gama shi, amma mai shi ya fita da mu ya dawo da mu gida. Nan kuwa shafi 84, kuma an bar mu da bashi. Ko littafin haya, in na uku bai fito ba mai hayar zai gaya miki tun kafin ki ba shi kuɗi.

Ta iya rubutu, wannan ba zan ƙwace mata ba, kuma cikin masu rubutun waya da na karanta ban ga wadda ta san zaman ƙauye kamarta ba. Sai dai har yau in na tuna kalma huɗun nan da aka amsa min da su, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Makon jiya ta fara sakin shafukan kyauta na sabon littafi, na gani ban buɗe ba. Inna ta ji labari wajen facalata, ta ce in karanta mana mana. Na ce mata, "Inna, ki bari sai ta rubuta ƙarshensa tukuna, sannan in biya." A halin yanzu na roƙi maigida in ya shiga Kano ya biya Sabon Gari ya duba mana ko da tsofaffin na takarda ne, amma ya tabbata ya haɗo har da na ukun.