MyAnimeList: Ko Ya Iya Zaɓa Maka Manga Mai Kama Da Wadda Ka Gama?

Duk wanda ya gama karanta wata manga da ta shiga ransa, tambayarsa ɗaya ce: wace ce kuma irinta? A Birnin Kebbi, tsakanin ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo, sau da yawa amsar da za a ba ka ita ce ka duba MyAnimeList. Shafin ya cancanci wannan yardar, amma da sharaɗi. Wanda ya bi shi ido rufe zai ƙone datarsa a kan labarin da ba shi yake nema ba.

An kafa shafin a 2004, kuma aikinsa na asali kundi ne, ba ɗakin karatu ba. Kowace manga tana da nata shafi. Ga sabon shiga, manga littattafan labarin zane ne na Japan, galibi baƙi da fari, ana karanta su daga dama zuwa hagu kamar ajami, don haka wanda ya yi karatun allo ba ya shan wahalar sabawa da su.

Ga yadda ake yi. Ka rubuta sunan wadda ka gama a wurin bincike, ka tabbatar ka zaɓi ɓangaren manga ba na anime ba, wato finafinan zane na Japan, domin labari ɗaya yakan samu shafi biyu kuma shawarwarinsu sun bambanta. Ka danna Recommendations, wato shawarwari. Jerin da zai fito ba na'ura ce ta haɗa shi ba. Masu karatu ne ke haɗa littafi biyu, kowa ya rubuta dalilinsa, wadda mutane suka fi ambata ta hau sama. Ba sai ka yi rajista ba in karatu kawai za ka yi, sai in kai ma kana son rubuta taka shawarar.

Waɗannan dalilan su ne duk darajar shafin. AniList, wani shafi irinsa, shi ma yana da shawarwari, amma ƙuri'a ce kawai ake kaɗawa, babu bayani. Matsalar MyAnimeList ita ce yawan masu ambato farin jini yake aunawa, ba kusanci ba. Littafin da kowa ya karanta shi zai yi ta hawa sama ko da kamanninsa da naka na fatar baki ne. Saboda haka kafin ka kalli jerin, ka tsaya ka tambayi kanka me ya riƙe ka a wancan labarin: mafarinsa ne, wato halin da aka jefa jarumin a ciki, ko jigonsa, abin da marubucin yake ta juyawa har ƙarshe?

Ɗauki Death Note, na Tsugumi Ohba da Takeshi Obata, wanda ya fito daga 2003 zuwa 2006 a juzu'i 12. Ɗalibi ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, wani ɗan bincike kuma ya shiga farautarsa. A jerin za ka ci karo da Liar Game da Monster, kuma kowanne da mutumin da ya dace da shi. In wasan ƙwaƙwalwa ne ya burge ka, wannan ya ɗana tarko wancan ya tsallake, to Liar Game na Shinobu Kaitani, juzu'i 19, shi ne naka: wata yarinya mai saurin yarda da mutane aka jefa cikin gasar yaudara ta maƙudan kuɗi, ta nemi taimakon wani tsohon ɗan damfara. Sai dai ka sani tun yanzu, duk labarin a kan bashi da wasanni irin na caca ya ginu. In kuwa abin da ya hana ka barci shi ne tambayar wa ya ba ɗan Adam ikon yanke wa wani hukuncin kisa, Monster na Naoki Urasawa ya fi kusa nesa ba kusa ba. Likita ne ɗan Japan a Jamus, Kenzo Tenma, ya ceci ran wani yaro, yaron ya girma ya zama makashi. Juzu'i 18 ne, daga 1994 zuwa 2001, babu tsafi ko sihiri a ciki, kuma tafiyarsa a hankali ce ƙwarai. Mai neman gudun Death Note zai ajiye shi tun bai yi nisa ba, ya ce an yaudare shi, alhali dalilin ne bai karanta ba.

A Vinland Saga ne wannan kuskuren ya fi muni. Makoto Yukimura ya fara shi a 2005 da yaro Thorfinn, wanda aka kashe mahaifinsa a gabansa, ya taso cikin mayaƙan Viking na arewacin Turai ba ya tunanin komai sai ramuwa. Jerin zai nuna maka Vagabond da Berserk, kuma dalilan da yawa ba su wuce takobi da jini da kyawun zane ba. Amma rabin darajar Vinland Saga tana inda yaƙi ya tsaya, inda aka sayar da Thorfinn bawa a wata gona a Denmak, yana sare daji yana shuka alkama, yana koyon yadda mutum zai rayu da abin da hannunsa ya aikata. Wanda wannan ɓangaren ya taɓa shi, Vagabond na Takehiko Inoue ne ɗan'uwansa na jini. Can wajen ƙarshen juzu'o'in da suka fito, jarumin labarin, Miyamoto Musashi, ya sauka a wani ƙauye da yunwa ta ci, yana fama da ƙasa da ruwa don ya tada gonar shinkafa. Duk wanda ya taɓa ganin manomin Argungu ko Suru tsaye a bakin fadama yana kallon ambaliya ta shanye masa dashe zai gane waɗannan shafukan ba sai an fassara masa ba. Berserk kuwa, duk da gwanintar Kentaro Miura, wata duniya ce daban: dodanni, azabtarwa, da fyaɗe da aka zana ƙarara. Ba abin da za a miƙa wa ƙane ba ne don kawai ya ji daɗin Vinland Saga.

Wannan ya kawo mu babban gibin shafin. Shafukan anime suna ɗauke da alamar shekaru, na manga ba su da ita. Abin da za ka dogara da shi yana cikin bayanan littafin: layin Demographic, inda Shounen ke nufin an yi shi don samari matasa, Seinen don manyan maza, Shoujo don 'yan mata, Josei don manyan mata. Sannan ka duba layin nau'i da na jigo. In ka ga Ecchi ko Erotica, akwai tsiraici. Gore kuma jini ne da sassan jiki. Ko haka bai wadatar ba, don akwai Shounen masu zafi sosai. Yaya ko malamin da zai zaɓa wa yaro littafi ya ƙara da shafin Anime-Planet, wanda ke jera gargaɗi a fili a kan tsiraici, tashin hankali da makamantansu. Minti biyu ne aikin.

A fannin wasanni shafin ya fi yin daidai, ko da yake nan ma ƙwallo ba ita ce ke haɗa labari biyu ba. Blue Lock ya tara 'yan gaba 300 a sansani ɗaya don a fitar da mutum guda, jigonsa son kai ne tsantsa. Ao Ashi kuwa koyon dabara ne a makarantar horar da matasa ta wani kulob, yadda ake karanta fili da tsayuwa a inda ya dace. Mai son Ao Ashi ya fi kusa da Haikyu!!, duk da cewa ƙwallon raga ake bugawa a can. Masu zuwa kallon dambe da kokawa kuma su nemi Hajime no Ippo da Hinomaru Sumo, su bi shawarwarin da ke ƙarƙashinsu.

Kafin ka fara kowane littafi, duba layin Status, mai nuna ko an kammala labarin, da yawan juzu'i. Vagabond ya tsaya a juzu'i 37, tun 2015 ba a ci gaba ba. Hajime no Ippo tun 1989 ake yin sa, ya haura juzu'i 100. Masu shawara ba kasafai suke faɗa maka wannan ba. Abin da sukan faɗa kuma, wani lokaci ya yi yawa: akwai mai tona ƙarshen labari a cikin dalilinsa ba tare da gargaɗi ba. Karanta layi biyu na farko na dalilai uku ko huɗu, da ka ga an fara ambaton sunayen mutanen cikin labarin ka tsaya.

Shafin da Turanci yake, kuma Turancin hira ne. Chrome zai iya juya shi zuwa Hausa, za a gane manufar, amma yakan dagula sunayen littattafai, don haka ka koma asalin rubutun kafin ka kwafi suna. Jerin yana da hotunan bango da yawa, inda sabis ke da rauni yakan daɗe bai buɗe ba. Ka bari ya gama buɗewa sau ɗaya, ka adana shafin a waya ka karanta daga baya.

Saura inda za a karanta. Layin Serialization yana nuna mujallar da ta fara buga littafin. In Shounen Jump ce, ka duba Manga Plus, manhajar kamfanin Shueisha da aka buɗe a 2019, wadda ke aiki a Najeriya ta halastacciyar hanya. Yawanci babi uku na farko kyauta ne, kuma sun isa ka gwada ko shawarar ta dace da kai. A labaran da ake kan bugawa, manhajar tana barin ka karanta kowane babi sau ɗaya kyauta, don haka kada ka buɗe babi alhali cajinka na gab da ƙarewa. Waɗanda aka kammala galibi sai da kuɗin wata, kuma ba kowane katin banki ne ke biya a waje ba. Vinland Saga, Vagabond da Blue Lock na Kodansha ne, Monster da Ao Ashi na Shogakukan, ba za ka same su a Manga Plus ba.