Ta Gwamnati, Ta Kuɗi Ko Islamiyya Mai Boko: Wace Firamare Za Ka Kai Ɗanka a Kano?

Da zarar Satumba ta matso, magidanta a Kano sai su shiga lissafi: a kai yaro firamaren gwamnati ta unguwa, ko a ƙuƙuta a biya ta kuɗi, ko kuwa a nemi Islamiyyar da ke haɗa boko da addini? Galibi fentin gini da kyan yunifom ne ke yanke hukunci. Ni dai a ganina tambaya biyu ce ta fi: yara nawa ne a gaban malami ɗaya, kuma ɗan aji uku yana iya karanta abin da bai haddace ba?

Makarantun gwamnati suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne, sai ofishin sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma ya riƙa lura da nasa, a birnin Kano da kewaye su ne Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Karatun kyauta ne bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, gwamnatin Ganduje ta sake jaddada shi a matsayin kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Abin da mutane ba sa son ji shi ne, malamin gwamnati sau da yawa ya fi na ƙaramar makarantar kuɗi takarda, domin NCE ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita. Cunkoso ne ke kayar da shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya, amma a unguwannin da jama'a suka yi ta kwarara, irin su Kurna, Bachirawa, Ɗorayi da Rimin Kebe, ganin aji mai yara fiye da ɗari ba abin mamaki ba ne. Ko malami ya kai malami, ba zai duba rubutun yara ɗari kullum ba.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Makarantu biyu a ƙaramar hukuma guda, albashi ɗaya, manhaja ɗaya, amma ka ga bambanci tun daga bakin ƙofa, kuma yawanci hedimasta ne da kwamitin iyaye. Tsofaffin makarantun cikin badala kamar Shahuci, da kuma Gidan Makama inda marigayi Murtala Muhammad ya yi karatu, suna da suna, amma ba suna za ka tambaya ba. Je ka ranar Talata bayan an dawo daga tara, ba ranar da aka san da zuwanka ba. Duba benci nawa ne suka zama wayam, musamman ɓangaren 'yan mata, domin a unguwar da talla ta yi ƙarfi daga tara wasu ba sa dawowa. Karɓi littafin ɗan aji uku ka buɗe: akwai jan biro a shafin jiya, ko rabon malami da shi tun farkon zango? Sannan ka leƙa banɗaki da wurin ruwa, idan 'ya mace za ka kawo.

Su waye abokan zaman yaron, shi ma abin dubawa ne. A Fagge da kewayen Sabon Gari aji yakan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo, Turanci kan kama bakin yaro da wuri. A cikin gari kuwa da Hausa ake kusan komai. Wannan ba aibi ba ne, yaron da ya iya karatu da Hausa sosai ba ya shan wahalar ɗaukar Turanci daga baya.

Makarantun kuɗi iri biyu ne. Akwai manya masu fili da malamai tsayayyu, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata, ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai kuma gidan haya mai ɗaki huɗu da aka kafa wa allo, kuma nan talaka ya fi zuba kuɗinsa. Aji ba cunkoso, gaskiya ne, amma malamar sau tari ba ta daɗe da gama sakandare ba, albashi kaɗan, kafin shekara ta zagayo ta tafi. Kada katin sakamako ya ruɗe ka, mai makaranta ba zai so ya ɓata wa mai biya rai ba, kowane yaro sai ka ga ya ci. Tambayi takardar izini daga hukumar kula da makarantu masu zaman kansu. Tambayi yara nawa suka zauna jarrabawar NECO ta shiga makarantun tarayya, ba nawa suka ci kawai ba. Ka kuma tambaya ko suna da aji shida, don da yawa daga aji biyar suke tsallakar da yaro, ya isa sakandare bai nuna ba. A lissafinka sa littattafai, yunifom, kuɗin jarrabawa da na bikin yaye.

Islamiyya mai boko tana hutar da uba biyan wuri biyu, kuma tarbiyyarta ake so. Duba jadawalinta kawai: idan hadda ta cinye safiya, lissafi ya koma bayan Azahar lokacin da yara suka gaji, ka san inda giɓin zai fito.

Da ni za a tambaya, ga mai ƙaramin ƙarfi, firamaren gwamnati mai hedimasta tsayayye, haɗe da malamin lesin da yamma, ta fi makarantar kuɗin ɗaki huɗu. Idan kuwa ajin ya wuce misali, to a nemi Islamiyyar unguwa mai malamin lissafi na gaske. Kowacce aka zaɓa, a fifita wadda yaro zai taka da ƙafa, domin kuɗin Adaidaita Sahu na zango guda yakan kai kuɗin makarantar ita kanta.