Masu hoto na Bauchi da Gombe, ku kiyayi mai tallan "lensin da ke shiga kowace kyamara"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto, da ɗalibai masu koyon aikin jarida, da duk wanda ya matse bakin aljihunsa har ya mallaki kyamara. Akwai wani mutum da ke bin shafukan saye da sayarwa na Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallan lensi na hannu, wai 'yan Beljiyam, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sunan da yake sakawa yana canzawa, lambar ma haka, amma maganarsa ɗaya ce kullum: "Wannan yana shiga kowace kyamara, Canon ko Nikon ko Sony." Duk ranar da ka ji wannan magana, ka riƙe kuɗinka. Babu irin wannan lensi a duniya.

Yaron shagona ne ya faɗa hannunsa ana saura mako 3 babbar sallah. Yaro ne mai ƙwazo, shekara 2 yana riƙe min fitila a wuraren kamu da walima, da abin da yake samu ya sayi Canon 700D ta hannu. Burinsa lensi mai 50mm f/1.8, irin wanda ke fito da fuskar amarya tas, bayanta ya narke. Ya ga tallan, ya tura rabin kuɗi, aka ba shi lambar direba, ya je tasha ta wajen Muda Lawal ya karɓi kwali bayan ya cika ragowar. Bai gaya min ba sai da abin ya ɓaci. Da yamma ya shigo shago, ya ajiye kyamarar a kan tebur, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Oga, ka duba min, ta daina ɗauka."

Na ɗaga lensin na juya gindinsa. Canon ne na gaskiya, amma tsohon FD ne, na zamanin fim, an maƙala masa wata adafta mai arha, wato zoben da ke haɗa lensi da bakin kyamarar da ba tasa ba, da ɗan guntun ƙarfe da aka liƙa da gam. Tun 1987 kamfanin Canon ya koma bakin EF, wanda lensi da kyamara ke magana da juna ta lantarki, ta waɗannan 'yan ƙarafuna masu ruwan zinare da kuke gani a jere. FD ba shi da su. Ba ya saita fokas da kansa, kyamara ba ta iya buɗe idonsa ko rufewa. Sannan tazarar da aka ƙera FD ya zauna daga fim milimita 42 ce, ta EF kuwa 44. Wannan milimita 2 da kuke rainawa ita ce ke sa idan adaftar ba ta da gilashi a ciki, zoben da ke hannun amarya zai fito, amma mutanen da ke can ƙarshen rumfa ba za su taɓa fitowa ba, komai murɗawarka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da mutumin ya faɗa masa a waya. Yaron ya kira shi ya ce lensin ya ƙi zama. Sai ya ce, "Ai sabon haɗi ne shi ya sa, ka danna ka murɗa da ƙarfi." Ya danna, ya murɗa. Guntun ƙarfen nan ya ɓalle, ya lanƙwasa biyu daga cikin 'yan alluran da ke bakin kyamarar. Yanzu ko lensinta na asali, 18-55, ka saka mata, sai ta rubuto Err 01, wato ba ta jin maganar lensi. Ya rasa kuɗin lensi, ya rasa aikin sallah gaba ɗaya, ga kuɗin gyara na jiransa. Da ya sake kira, waya a kashe.

Don Allah ku riƙe wannan: lensin da ya dace da kyamararka ba ya neman ƙarfi. A Canon, ka kashe kyamara, ka daidaita jan ɗigon da ke jikin lensi da jan ɗigon da ke bakin kyamara, ya zauna lif, ka murɗa yadda hannun agogo ke tafiya, sai ka ji ƙas. Idan EF-S ne, wato lensin ƙananan kyamarori irin 700D, farar alama mai kusurwa huɗu za ka bi, kuma wannan ba ya shiga manyan kyamarori irin 5D da 6D, an yi masa tudu a gindi don ya hana, saboda kada madubi ya doke shi. A Nikon farin ɗigo ne, murɗawar kuma akasin ta Canon ce. Da yatsu biyu ake yi. In ka ji yana cijewa, ka tsaya, ka cire, ka sake dubawa. Kuma a lokacin hunturu ka riƙa kifa bakin kyamara ƙasa idan za ka canza, ƙurar garin nan ba ta da tausayi ga sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara.

Da na yi maganar a zauren masu hoto, sai ga wata baiwar Allah daga Gombe, mai ɗaukar hoton kayan ɗinkinta, ta ce ita ma haka. Ita Nikon D3200 gare ta, ya sayar mata da 50mm f/1.8D ya rantse mata yana fokas da kansa. Ya shiga lafiya, don bakin F na Nikon tun 1959 yake, amma wannan lensin ba shi da inji a cikinsa, ita kuma D3200 ba ta da injin juya shi. Wanda ya kamata ta saya mai alamar AF-S ne, wato mai injin fokas a cikinsa. Harafi ɗaya ko biyu a jikin lensi su ne bambancin, kuma da wannan rashin sanin namu yake cin abinci. Da ta haska tocilan ɗin waya a ciki ma, fumfuna ta gani ta yi saƙa kamar gizo-gizo.

Ba ina cewa adafta haramun ba ce. Masu sababbin kyamarori marasa madubi, Sony E ko Canon RF ko Nikon Z, suna amfani da ita, kuma Canon da Nikon kansu suna ƙera tasu don tsofaffin lensinsu su yi aiki. Amma mai gaskiya zai tambaye ka wace kyamara ce a hannunka kafin ya yi maka farashi. Wannan mutumin bai taɓa tambayar kowa ba. Hotunan da yake sakawa daga intanet ya kwaso su. Ka ce ya yi maka bidiyo da gindin lensin, ko ya nuna lambar da ke jikinsa, sai ya ce yana kan hanya, akwai mutum biyu da ke jira, ka tura kafin a riga ka.

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da kyamararka, ka saka lensin da hannunka, ka ɗauki abu na kusa, ka ɗauki na nesa, ka ga lambar buɗewar ido ta fito a allo ba 00 ba, ka haska fitila a ciki, sannan ka biya. In daga Kano ko Jos ko Legas za a aiko, ka nemi mai hoton da ka sani a can ya je ya gwada maka a kan kyamara irin taka.

Mun kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda, kuma muna tattara shaida don kaiwa ofishin EFCC na Gombe. Zuwa yanzu mutum 4 ne suka fito. Duk wanda ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Ka ajiye rasit ɗin tura kuɗin, da hirarku, da hoton tallan, da kwalin da aka aiko, ka sanar a zaurenmu kafin ranar Juma'a.