Kamfanin da ke riƙe da makullin famfunanmu

Ni ma'aikacin lantarki ne a wata tashar tura ruwan noman rani ta gwamnatin tarayya. Manyan famfuna huɗu gare mu. Wata 'yar kwamfuta da ake kira PLC ce ke kunna su tana kashewa, mu kuma muna zaune a ɗakin sarrafawa muna kallon matsin ruwa a allo ta manhajar SCADA. Kamfanin da ya kafa na'urorin shi aka ba kwangilar kula da manhajar, ba a tallata ba, ba a yi takara ba. Ba haramun aka yi ba: sashe na 42 na dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ya yarda a sayi abu kai tsaye idan kamfani ɗaya ne kaɗai ke da shi ko ke da haƙƙin mallakarsa. Shekara uku ke nan ina aiki da su.

Gaskiya injiniyansu ya san aiki. Matashi ne, ba ya raina tambaya, ko tsakar dare ka kira shi zai ɗauka. Sau da dama daga Legas yake shiga na'urarmu ta intanet, kafin shayi ya huce ya gano matsalar.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar sirri. Shirin da ke cikin PLC, wato jerin umarnin da take bi, a kulle yake, kwafinsa na hannunsu, lasisin manhajar kuma a wani ɗan makulli mai kama da filasha yake. Bara a watan Fabrairu, alkama na fitar da kai, aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone mana kati ɗaya na cikin PLC. Muna da sabo a sito, na saka shi da hannuna cikin rabin awa. Saura a ɗora masa shiri. Na kira, sai yaron ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, ofis sun ce kwangilarku ta ƙare, ba a biya sabuntawa ba." Kwana tara muna kunna famfo da hannu, mutum biyu suna kwana gaban mita. Sarkin noman yankin ya zo har ɗakina ya ce, "Injiniya, alkama fa ba ta san fayil ba." Ban sami abin ce masa ba.

Sai kuɗi. Da dala suke lissafi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ɗaya daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kasafinmu bai sake kamo farashinsu ba. Wa za mu je wa mu taya? Babu. Kwamfutar ɗakin sarrafawa ma har yau Windows 7 ce, wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Sauya ta, in ji su, sabuwar kwangila ce daban.

Ban ɗora musu laifin duka ba, ɗan kasuwa abin da aka sa hannu a kai yake bi. Namu ne suka karɓi tasha ba su nemi kwafin shiri ba. In maki ne, uku cikin biyar zan ba su, biyu daga ciki na yaron nan ne.

Bana na rubuta wa darakta cewa kafin a sabunta, a saka sharaɗin ba mu kwafin shirin da kalmar sirri, a horar da biyu daga cikinmu. Takardar ta dawo da jan biro a gefe: a tattauna.