Albasar furen Nerine da na saya ta gidan waya

A watan Maris na shekarar da ta gabaci bara na yi odar albasar furen Nerine bowdenii guda goma daga wani gidan sayar da shuke-shuke a nan Ingila, domin na gaji da ganin lambun bayan gidana ya yi fayau da zarar Satumba ta kama. Asalin furen daga Afirka ta Kudu ne, kuma danginsu ɗaya da albasar kwaɗi da muka sani a fadamun gida, abin da duk wanda ya riƙe ta a hannu zai gane daga dogon wuyanta da busasshen ɓawonta.

Kayan sun iso cikin kwana huɗu, a kwali mai huji-huji. Takwas sun zo da tauri da nauyi, biyu kuwa da na matsa su da yatsa sai suka lotsa, gindinsu yana warin ruɓa. Na aika hoto, aka musanya mini ba tare da gardama ba, kuma wannan ya cancanci yabo.

Inda gidan ya gaza shi ne takardar bayanin da ya haɗo da ita, wadda ta ce a binne albasar gaba ɗaya kamar ta furen tulip. Nerine ba ta son haka. Ana dasa ta ne wuyanta a waje, a jikin bangon da ke fuskantar kudu inda rana ke dukanta, cikin ƙasar da aka gauraya da tsakuwa don kada ruwa ya kwanta mata. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta kan shinge ta ce in tone su in ɗaga. Takardar ba ta kuma faɗi cewa shekarar farko ganye kawai za a gani ba, har na ɗauka an sayar mini da gaibu.

Sai a Oktoban bara, bayan ganyen ya fara bushewa, karare shida suka miƙe, kowanne ya kai kusan rabin mita, da fure ruwan hoda mai lanƙwasasshen baki da ke ƙyalli idan rana ta haska shi, kuma bai zube ba sai cikin Nuwamba. Bana ban taɓa su ba, tunda shuka ce da ta fi yin fure idan ta cunkushe wuri guda. Zan sake saye a gidan, amma takardarsu ba zan bi ba.