Wane mai ya dace da bencin ƙofar gida?

Katakon da ke kwana a waje yana shan wahala sau biyu a shekara. Damina ta jiƙa shi ya kumbura, hunturu ya busar da shi har ya tsage. Idan ka je kasuwar kayan gini neman abin shafa masa, banish za a fara miƙo maka. Ni dai na bar shi tun da ya ɓare mini a kan bencin maɗaci kamar fatar maciji, watanni kaɗan bayan kafinta ya gama. A saman katako yake zama, rana tana dukansa sai ya fashe, ruwa ya shige ta ƙarƙashi, kuma kafin ka sake shafawa sai ka kankare tsohon da samfefa.

Baƙin mai na inji yana korar gara, amma wa zai zauna a kansa da farar riga? Man gyaɗa ba ya bushewa, wari yake yi. Wanda ake kira man tik kuwa, ba daga itacen tik ake samo shi ba, galibi haɗi ne na linsid (man da ake matsewa daga 'ya'yan wani tsiro mai suna flax) da abin sirkawa, an ƙara masa kuɗi.

Nawa zaɓin shi ne dafaffen linsid, wanda aka rubuta Boiled Linseed Oil a gwangwaninsa. Cikin katako yake shiga, don haka babu abin da zai ɓare. Ɗanyen linsid yana iya kwashe kwanaki bai bushe ba, shi kuwa dafaffen an sa masa sinadarin busarwa, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka goge ƙura, ka shafa da tsumma siriri-siriri, bayan minti 15 zuwa 20 ka share ragowar, in ba haka ba ya yi danƙo. Ina shafawa a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, sannan a Afrilu kafin ya sauko. Yana sa katako ya yi duhu, kuma ba ya maganin gara, sai ka ɗora ƙafafun bencin a kan bulo.

Amma fa a kula da jabu. An taɓa zuba mini a robar ruwa, wai daga babban gwangwani aka ɗiba. Kwana 5 benci na naso, har ya ɓata wa baƙona babbar riga. Ashe man girki ne aka sirka da kananzir. Yanzu ba na sayen na awo, sai gwangwani mai murfi a liƙe. Ka shinshina, in ka ji kananzir ka ajiye. In kana shakka, ɗiga kaɗan a kan gilashi ka bar shi kwana 2: na gaske zai yi 'yar fata, jabu zai zauna jiƙe.

Tsumman da ka yi aikin da shi kada ka dunƙule shi a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a fili ko ka nutsa shi cikin bokitin ruwa.