Ofishin Binciken Ƙirƙira a Katsina: Yadda Suka Duba Mahaɗar Wayata

Na kai wa wani ofishin lauyoyi da ke kusa da Ƙofar Kaura mahaɗar wayar sola da na ƙera, mai murfin roba da ke hana ƙurar hunturu shiga, domin a duba ko wani ya riga ni kafin in nemi takardar mallakar ƙirƙira. Lauyar ta fara da bayyana mini cewa a ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta shekarar 1970, ofishin rajista na Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance sabuntar abin, don haka takardar da ke ɗaukar shekara 20 tana iya rushewa a kotu idan aka samu wanda ya gabace ni.

Sun bincika Espacenet, wato rumbun takardun mallakar ƙirƙira da ke intanet, a rukunin H01R, inda ake tara mahaɗan lantarki, suka ajiye zanena gefen na MC4, wata sananniyar mahaɗar wayar sola, suka nuna da jan biro cewa maƙullin nawa tsohon abu ne. Raina bai so ba, amma gaskiya suka faɗa. Murfin kaɗai suka ba da shawarar in nema a kai.

Aibinsu ɗaya: rahoton da Turancin lauyoyi ya zo, sai da na koma aka warware mini shi da baki.